Abin da Direba Ke Nema a Ƙasa

Akwatin ya iso ranar Talata, baƙi wuluk, da nauyi kamar batirin babbar mota. 'Yar autarsu ce ta aiko shi. A waya ta ce, "Baba, wufa sunanta. Ba ta fitar da murya, sai ƙasan kiɗa, ganga da gurnanin jita. Likita ya ce irin wannan Mama za ta iya jin sa a jikinta."

Direba, haka kowa ke kiransa har matarsa duk da ya shekara biyar da ajiye makulli, ya ce to. Shekara biyu ke nan da zazzaɓi ya tafi da jin matar. Matar da in tana wanke-wanke har maƙwabta sun san waƙar da ke ranta, yanzu sai ƙarar kwanuka. Magana kuwa sai ta tsura wa bakinsa ido. Shirun nan yana ci masa rai ba kaɗan ba. Bai gaya mata amfanin akwatin ba, gudun kada ya sa mata rai a banza. Ita kuwa ta ɗauka abin ɗora ƙafa ne, har ta shimfiɗa masa ƙyalle.

Tana shiga kicin ya yaye ƙyallen, ya jona waya, ya leƙa bayan akwatin. Maɓallai uku na murɗawa, da wani ɗan makunni mai 0 a gefe, 180 a ɗaya gefen. Shi a saninsa 180 gudu ne, kuma shekara talatin yana kan titi bai taɓa kai mota can ba. Ya bar shi a 0, ba da shi ba.

Ya saka waƙar da suke ji a tsohuwar motarsa, ya zauna a kujerar matar. Shiru. Muryar mawaƙi na fita daga ƙananan sifikun rediyon falo, amma ganga ko alamarta. Ya ƙara murɗawa, ya dawo ya zauna. Shiru dai. Ya tashi zai sha ruwa, yana isa bakin ƙofa sai ya ji dum, dum, har cikin haƙoransa. Ya koma kujera da sauri, babu. Ya koma ƙofa, akwai. Ikon Allah! Sau huɗu yana wannan safa da marwa a falonsa. Ko dai nasa kunnen ne ya fara tafiya? In haka ne, wa zai riƙa ji musu su biyu?

Ya kira mai gyaran rediyon bakin titi a waya, ya zayyana masa komai.

"Lafiyarta lau, kunnenka ma haka," in ji mai gyara. "Ɗakin ne ke haɗiye sautin a wani wuri ya tara shi a wani. Ɗora ta a kan kujerar da kake so a ji. Sai ka bi bango da rarrafe. Inda ka ji ta fi daɗi, nan ne mazauninta."

"Tsaya, tsaya. Akwati ya hau kujera, ni in sauka ƙasa?"

"Haka ake yi, Baba."

"Kai, ka dubi furfurata fa."

"Wallahi ba wasa nake ba."

Haka ya ciccibi wufa ya ɗora a kujerar matarsa, ya tattare riga, ya durƙusa, gwiwoyi na ƙara. Bayan labule, shiru. Gindin talabijin, gurnani kamar salansar mota ta fashe. Ya rasa ma wanne ne daɗin da ake nufi. Yana cikin cusa kai ƙarƙashin tebur matar ta fito da faranti.

Ta dubi akwati zaune ɗare-ɗare a kujerarta, ta dubi mijinta a ƙasa.

"Direba! Me ya faɗi?" Da ƙarfi take magana tun da ta daina jin kanta.

Ya ɗago fuska don ta ga bakinsa. "Sauti nake nema."

"Sauro? A ƙasa?"

"Sau-ti!"

"Kai dai ka sake yar da ƙwayar maganinka, kake kunyar faɗa."

Ta ajiye farantin, ta ɗaure zani, ta durƙusa ita ma. Ya ɗaga hannu zai hana ta, ina, ta riga ta yi gaba tana shafa ƙasa tana mita. Tsofaffi biyu na rarrafe a falo, shi bai san inda zai samu ba, ita ba ta san abin da ake nema ba.

A lungun da kabad ɗin katako yake ta dafa gefensa za ta leƙa ƙarƙashi. Sai ta tsaya cak. Ta cire hannun, ta dube shi, ta mayar. Ta ƙara ɗaya hannun.

Direba ya ga yatsunta sun soma bugun katakon, daidai da ganga, ba kuskure ko ɗaya. Can sai ga ɗan amo daga maƙogwaronta, a karkace, ya kauce wa waƙar nesa, amma ita ce, waƙar motar nan.

"Direba," ta ce, ba ta ɗaga hannu ba, "kabad ɗin nan yana kiɗa."

Ya rarrafo kusa da ita. Hawaye ya cika masa ido.

Ta dubi fuskarsa. "Ka ga maganin naka?"

Ya gyaɗa kai.

"To tashi ka sha. Ni ina nan."