Bencinan Aji Biyu

Malamar aji biyu ta ƙarar da hutunta kaf a wajen kwas, ta bar jaririnta a hannun yayarta. Can aka koya musu su daina jera yara kamar buhuna, su haɗa bencina rukuni-rukuni, yara su fuskanci juna su yi magana. Aka ce sufeton makarantu zai zagayo, wanda aka tarar yana aiki da abin da ya koyo shi za a ƙara wa girma.

Ta dawo ta juya ajinta. Har yarinyar da ba ta taɓa buɗe baki ba ta fara haɗa jimla.

Hedimasta kuwa surutun ya hana shi sakat. Ranar zuwan sufeto, kafin ta iso, ya sa masinja ya mayar da bencinan layi-layi. Tana sa ƙafa a ajin, sai ga sufeto da hedimasta a bayanta.

Sufeto ya duba, ya girgiza kai. "Malama, ashe ɗumama kujera kika je yi a kwas ɗin? To, sai zagaye na gaba."

Ta dubi hedimasta, tana jiran ya yi bayani. Shi ko ya duƙufa goge tabarau.

Motar sufeto na fita, ta faɗa ofishin hedimasta ko sallama babu.

"Ranka ya daɗe, ciwon baki kake yi ne ɗazu?"

"Yi a hankali, Malama. So na yi baƙo ya ga aji tsaf."

"Tsaf? Na yaye ɗana lokaci bai yi ba saboda kwas ɗin nan! Waɗanda na koya wa riƙon alli duk sun wuce ni. Kalma ɗaya za ka faɗa, ka ce kai ka sa. Ɗaya tak!"

"Ki yi haƙuri, baɗi ma shekara ce."

"Riƙe haƙurinka, nawa ya ishe ni."

Ta koma aji, ta dinga jan bencinan a kan siminti ita kaɗai tana mayar da su rukuni-rukuni, har ƙusa ta yage mata tafin hannu. Ta ɗaure da gefen mayafi ta ci gaba da darasi.

Ƙarin girman ya tafi ga malamin aji biyar. Ta nemi a canza mata makaranta, hedimasta ya hana, wai ba shi da wata malama kamarta.