Sifilin da Ya Hana Rigakafi

Ƙarfe takwas da rabi na safe wayar Auta ta yi ƙara. Yayarta ce, mai kula da ɗakin magani a wani ƙaramin asibiti.

"Auta, manhajarki ta ce firij ya daskare. Sifili har sau uku. Na tsayar da rigakafi, ga mata nan cike da benci."

Auta ce ta rubuta manhajar wata biyu da suka wuce, don ta raba Yaya da wahalar cike takarda. Wata 'yar na'ura a cikin firij tana aika ma'aunin sanyi zuwa rumbun bayanai duk rabin awa, manhajar kuma tana karantowa ta nuna a allo. Allurar rigakafi idan ta daskare ta tashi daga aiki, sai zubarwa.

Ko shayinta ba ta ƙarasa ba ta suri kwamfuta ta fita.

Ta tarar da Yaya tsaye bakin firij, ta harɗe hannu. Auta ta buɗe ƙofar, ta duba tsohon ma'aunin gilashi da ke rataye a ciki. Digiri biyar, daidai yadda ake so. Ta taɓa kwalaben, ruwa ne zalla, babu alamar ƙanƙara.

"Yaya, lafiyarsa lau fa."

"Ni ma ina da ido. Amma allo ya ce sifili, kuma an ce da mu mu bi allo. Wa zan gaskata?"

Auta ta zauna kan kwalin safar hannu ta leƙa rumbun da kanta. A gurabe ukun nan babu sifili, babu komai ma. Batirin na'urar ne ya yi rauni da asuba, ba ta aiko da ma'aunin sanyi ba. To daga ina sifili ya fito?

Sai da ta kwashe kusan awa guda tana tonon littafin bayani na kayan haɗin da manhajarta ke magana da rumbu ta cikinsa. Can ƙasan wani shafi, da ƙananan haruffa, ta gani: idan ka nemi lamba daga gurbin da babu komai, ba zai ce maka babu ba, sifili zai miƙo maka. In kana son gaskiya sai ka sake tambayarsa daban, "Wanda ka ba ni yanzu, fanko ne?"

Abin haushin, ta yi wannan tambayar. Sai dai ta yi ta ne bayan ta karanto gurbin lokaci, shi kuwa abin da ya karanta na ƙarshe kawai yake tunawa. Ya duba lokaci, ya ga akwai, ya ce mata komai daidai.

Ta ja dogon tsaki.

"Me ya faru?" in ji Yaya.

"Kamar ki aiki mutum ya dubo miki ko akwai magani a kanti, ya tarar an rufe, ya dawo ya ce ya ƙare. Sai kin tsare shi nan take kin ce, 'Ka ma shiga kuwa?' In kika bari kika tambaye shi wani abu tukuna, shi ke nan, ya manta."

"Wane mara aikin yi ne ya tsara haka?"

"Wani ne, shekaru aru-aru. Yanzu kowa ya gina a kai, ba mai iya taɓawa."

Gyaran bai wuce ɗaga layin tambayar nan sama ba. Ta sa allo ya riƙa rubuta "babu rahoto" da jan rubutu, ta canza batiri. Amma kafin nan rabin matan sun gaji sun goya 'ya'yansu sun tafi, kuma likita ya ce tunda an samu awa ɗaya da rabi babu shaida, kwalin allurar da ke cikin firij ba za a taɓa shi ba sai an zo an bincika.

Yaya ta ciro farar takarda ta ja layuka da biro, ta manna a ƙofar firij.

"Ba raina aikinki na yi ba, ƙanwata. Safe da yamma zan riƙa rubutawa da hannuna."

Auta ta koma kan kwalin safar hannun ta shiga bin manhajar layi-layi, tana neman duk inda ta taɓa neman lamba. Wuri goma sha ɗaya ta samu, kuma a huɗu ta yi kuskuren nan.