Gida Ɗaya Mai Rufi a Layin Makaranta

A bazarar da motocin shara suka daina zuwa, na daina buɗe tagar ofishina. Kwandunan ƙarfen bakin titi sun cika sun amayar. Ɓawon kankana da kan kifi da ƙunzugun jarirai sun narke a rana sun zama baƙin ruwa yana bin kwata. Mazan garin kuwa suna zaune a shagunan kofi dab da jujin, suna korar ƙuda da jarida suna zagin gwamnati, alhali ba wanda ya taɓa biyan kuɗin shara a cikinsu. Kamfanin kwashewa ya gaji da bin bashi, ya janye motocinsa.

Ban daɗe da dawowa daga jami'a ba, na kama aiki a sashen haraji na majalisar gari. Na rubuta shawara cewa a ɗora bashin shara a kan harajin gida, wanda ya ƙi biya a riƙe gidansa. Tunda kowane layi kwandonsa ɗaya, sai a raba bashin layin a kan duk gidan da mutane ke kwana a ciki. Majalisa ta amince, aka tafa mini, Shugaba Agron mai kula da sashenmu ya dafa kafaɗata ya ce sun ɗan gyara kalmomin kawai.

Na san irin gyaran ranar da Teta Lumturi ta shigo ofis. Tsohuwar malamar firamare ce da kowa ke ce wa Teta, wato gwaggo, ita ta koya mini riƙe fensir, kuma tun rasuwar mijinta baƙaƙen kaya take sawa. Ta ajiye takarda a kan teburina.

"Lorik, ɗana, karanta mini. Ina jin tabarauna ne ya lalace, sifirin sun yi yawa."

Tabaraunta lafiya lau. Bashin Layin Makaranta gaba ɗaya aka ɗora mata, kuɗin da fanshonta na shekaru ba zai biya ba. A ƙasa an rubuta cewa in kaka ta wuce ba ta biya ba, gidan zai shiga gwanjo.

"Ni da nake ba kaji ɓawon dankalina," ta ce. "Sharata ta mako ba ta cika leda ɗaya."

Na duba dokar yadda ta fito. Inda na rubuta gidan da ake kwana a ciki, sun mayar da shi gidan da aka gama ginawa. A garinmu kuwa ba a gama gini. Mutum ya zuba kankare a saman benensa, ya bar rodi tsaye suna tsatsa, ya ce wai ɗansa da ke Italiya zai ɗora nasa a kai. Ɗan ba zai dawo ba, kowa ya sani. Amma muddin rodin nan na kallon sama, gidan kango ne a wurin hukuma, ba ya biyan harajin ko lek ɗaya na kuɗin ƙasarmu. A duk Layin Makaranta mijin Teta Lumturi kaɗai ya yi wautar ɗora jan rufi, ya je ya yi rajista. A ƙarshen layin kuma akwai zauren biki na wani attajiri, Sokol, mai hawa uku da fitilu da zakunan siminti a ƙofa, inda ake yanka raguna kowace Asabar a zubar da ƙashi da kwalabe a kwandon layin. Shi ma rodinsa na tsaye.

Na sami Shugaba Agron a shagon kofin da ke gaban majalisa, inda ya fi zama fiye da ofis. Sokol ɗin ne a gefensa, da ƙaramin kofin giyar raki, tun kafin azahar. Iska na kawo warin jujin har kan teburinsu, ba wanda ya yamutsa fuska.

"Ga farfesa," Sokol ya ce. "Zauna, ɗan'uwa, a kawo maka kofi. Ko a jami'a an hana ku?"

Na ƙi zama. Na ce, "Shugaba, sharar zauren wannan mutumin aka ɗora wa gwauruwa."

"Wane zaure?" Sokol ya buɗe hannu. "Ni kango gare ni. Talaka ne ni, ko rufi na kasa yi."

Mutanen teburin kusa suka yi dariya. Ɗaya daga cikinsu Teta Lumturi ce ta koya masa karatu.

Agron ya juya cokali a kofinsa. "Lorik, kai da zafi. Doka taka ce, mun zartar. Me kuma kake so?"

"A mayar da kalmomin da kuka cire."

"A sa rabin gari biyan haraji, ana saura wata shida zaɓe? Har da gidan babanka, ka tuna."

"Har da shi. Gobe a fara da shi."

"Ka ji yaro." Ya tsotsi kofi. "Matar nan ba wanda ke son cutar da ita. Ita ma da taurin kai, kowa ya bar rodi ita sai rufi. Ka gaya mata, in mai duba gine-gine ya zo ya ga ba a gama gidan ba, za a cire shi daga rajista, bashin ya koma kan layi. Layi kuwa ba ya da gidan da za a kama. Shi ke nan, kowa ya huta."

"Sharar fa?"

"Ruwan kaka zai tafi da ita kogi, kamar kullum."

Na kai ƙara majalisa a rubuce, aka ce a jira zama na gaba. Zaman ya zo, mutum uku suka halarta, sauran suna biki a zauren Sokol. Na bi gidajen layin ina roƙon su sa hannu cewa sharar tasu ce. Aka ba ni kofi da alewa a kowane gida, aka yabi hankalina, aka ce maigidan ba ya nan. Ban gaya wa Teta maganar Agron ba. Wani ya gaya mata.

Wata safiya a farkon kaka na biyo layin, na ga tsani jingine da gidanta. Magina biyu suna saman suna ɓamɓare jajayen tubalan rufin suna miƙowa ƙasa, na uku yana huda kankare yana kafa rodi. Motar Sokol ce ta kawo rodin, kyauta. Maƙwabta sun fito suna ba da shawara, wannan ya ce a ƙara tsawo, wancan ya ce a zuba musu ruwan gishiri su yi tsatsa da wuri kada mai dubawa ya ga sababbi ne.

Teta Lumturi na tsaye a tsakar gida tana karɓar tubalan ɗaya bayan ɗaya, tana goge kowanne da tsumma kafin ta jera shi a gindin bishiyar ɓaure.

"Teta, ki dakatar da su. Zan kai maganar kotu."

"Kotu za ta zauna kafin gwanjo?"

Wani magini ya sauko da tubali, ya tarar da ni tsaye a gindin tsanin.

"To matsa, ɗana, kana tare musu hanya." Ta miƙo mini tubali. "In za ka tsaya, riƙe da hannu biyu. Suna fashewa."