Kofi Mai Jan Zare

Abin da ya fi ƙona wa Tela rai shi ne, da zarenta aka yi mata. Surukarta, matar ɗanta, ta buɗe durowar keken ɗinkinta, ta tsinko jan zare, ta ɗaura a hannun kofi, wai don kada a haɗa shi da na sauran mutanen gida.

Tun da aka fara yi wa Tela gashin kansar nono a asibiti, yarinyar nan ta gani a waya cewa hasken injin yana zama a jikin mutum, yana kama na kusa. Likita ya ce irin nata gashin ba ya bin kowa gida. Ina! Waya ta riga ta faɗa. Ɗan nata kuwa, wanda ta goya har bayanta ya ƙage, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, kiyayewa ce kawai." Kofi dai da sauƙi. Jikarta, jaririyar da take kwana a ƙirjinta, ita ce aka koma ɗaga mata daga bakin ƙofa kamar kayan talla.

A bencin jiran layi na asibiti Tela ta amayar da maganar. Can ne wurin Direba, mai kansar maƙogwaro, wanda kullum yake tambayar duk wanda ya fito ɗakin injin ko ya nuna ko a mayar da shi.

"Ashe wuta gare ki, Yaya, kike ɓoye mana?" in ji shi da dusasshiyar muryarsa. "Riƙe min wayar nan, cajina ya ƙare."

Benci ya ɗauki dariya. Ita ma ta yi, har sai da dariyar ta juye ta zama kuka. Matar Direba, wadda take rako shi kullum da goyonta a baya, ba ta ko murmusa ba. Kwatancen gidan Tela kawai ta nema.

Ranar da babu gashi sai ga su. Surukar ta kawo ruwa a kofunan baƙi, sannan ta koma bakin ƙofa da 'yarta a kafaɗa. Matar Direba ta ture tiren, ta miƙa hannu ta ɗauki mai jan zaren da ke gefen Tela, ta sha. Ta kwance goyon, ta ɗiga masa sauran, ta dire shi a cinyar Tela.

"Ƙanwata," ta ce wa surukar, "gado ɗaya nake kwana da wannan mutumin tun da aka fara gasa shi. Kin ga ina haske?"

"Da tana yi, da mun huta da sayen kwan fitila," in ji Direba.

Surukar ta sunkuyar da kai. Ta daɗe a tsaye kafin ta tako, a hankali, ta miƙo yarinyar. Tela ta miƙa hannu. Amma jaririyar ta kalli rammamiyar fuskar da ke gabanta, ta ƙanƙame wuyan uwarta, ta tsala ihu. Ƙiwa take yi wa kakarta.

 

"Kawo ta haka nan," in ji Tela. Ta karɓe ta tana ta harbe-harbe, ta kwantar da ita a ɓangaren da ba ya ciwo, tana jijjiga ta. Ba ta ɗago ta dubi surukar ba. "Kin ga abin da ya kama ta. Ba daga asibiti na kwaso shi ba."