Babu Maza a Lokos da Rana

Motar Jaji ba ta ko rage gudu ba. Nata'ala ya ɗaga hannu, ya shiga har tsakiyar kwalta, amma kiya-kiyar ta kauce masa ta wuce, ta watsa masa jan ruwa a farin wandonsa. Ta gilashin baya ya hango abin da ya cika kujerun. Buhunan wake ne daga Kusada, an jibge su har rufi.

"Allah ya isa, Jaji!" ya ƙwala, jijiyar wuyansa ta miƙe. "Mu da muke shiga motarka kullum, yau wake ya fi mu daraja?"

Sauran ma'aikata na tsaye a bakin hanyar. Wani dattijo a cikinsu, mai aikin masinja, ya ce, "Mai ya yi wuya, Malam. Wanda ya samu galan guda, kaya zai ɗauka, ba mutum ba."

"A ƙasar da ake haƙo man?"

Dattijon ya juya kai ya ci gaba da kallon hanya.

Shekara biyu ke nan Nata'ala yana zaune a Lokos, gidajen nan masu sauƙin haya da aka jera a bayan garin Kankia lokacin da kuɗin fetur suka fara shigowa. Ciki da falo, rufin kwano, famfo a tsakar gida wanda bai taɓa ɗigo ba. Aikinsa kuwa a Katsina yake, mai buga tafireta ne a wani ofishin gwamnati. Duk mazan unguwar haka suke, wasu Katsina, wasu Kano. Da an sallame asuba sai su yi ta fitowa kamar an kore su.

Sai wajen takwas da rabi wata tifa mai ɗauke da yashi ta tausaya musu. Nata'ala ya hau can sama ya zauna a kan jiƙaƙƙen yashin, ya rungume jakarsa. Daga Kankia har Charanchi yana ta shirya maganar da zai yi a ofis, daga Charanchi zuwa Ƙofar Ƙaura yana rushe ta. Agogonsa na cewa goma saura ya isa.

An riga an ja jan layi a littafin sa hannu. Alhaji Lawal, babban akawu, yana zaune yana shan shayi, makullin sabuwar Fijo ɗinsa a kan tebur inda kowa zai gani. Ya dubi wandon Nata'ala daga gwiwa zuwa ƙasa.

"Daga gona kake?"

"Ranka ya daɗe, mota ce babu. Tun shida da rabi nake bakin hanya."

"Na huɗu ke nan a watan nan. Wa ya ce ka tafi ƙauye ka zauna? Gwamnati ta ɗauke ka aiki a Katsina, ba a Kankia ba."

Nan ne abin da Nata'ala ya yi ta dannewa a kan yashi ya ƙwace masa.

"Kai ka ce, ranka ya daɗe."

Wani akawu ya ajiye biro.

"Ɗakin da na zauna shekara shida a cikin garin nan, na waye? Ba naka ba ne? Ranar da aka yi ƙarin albashi ka aiko mini cewa ka ba mutanen kamfanin gini, in fita kafin wata ya mutu. Matata da tsohon ciki. Na zagaye garin nan kaf, ba inda albashina ya isa. Yanzu kuma kai ne mai tambayata wa ya kai ni ƙauye?"

Alhaji Lawal ya ajiye kofin a hankali. Bai ɗaga murya ba. Ya jawo takarda, ya yi rubutu layi biyar, ya miƙa masa.

"Buga mini wannan. Kofi uku."

Nata'ala ya karanta a tsaye. Dakatarwa ce ta mako biyu ba albashi, saboda yawan makara da rashin ladabi ga na gaba. Ba wani mai tafireta a ofishin sai shi.

Ya zauna, ya jera takardu da kabon, ya murɗa su cikin injin. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da ya zo kan sunansa sai ya buga da ƙarfin da harafin ƙarshe ya huda takardar. Ya kai, aka sa hannu, aka ba shi kofinsa, ya ninke ya sa a aljihu ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Abin haushi, komawa ba ta yi wuya ba. Motar farko da ya tsayar ta ɗauke shi, har da kujerar gaba.

Ana kiran azahar ya sauka, ya kama turbar da ta ratsa gonakin gero zuwa Lokos. Yana tafe yana tunanin yadda zai faɗa wa Hafsatu, matarsa. Sai da ya shiga layinsu ya lura bai taɓa ganin unguwar nan a irin wannan lokaci a ranar aiki ba. Ba kowa a dakali. Masallacin langa-langar da suka haɗa hannu suka yi yana rufe, akuya kwance a ƙofarsa.

A ƙofar gidan Bilya, maƙwabcinsa mai aiki a masaƙa a Kano, ya ga takalman mata birjik. Hafsatu ta fito da goyo, idanunta jawur. Da ta gan shi sai ta dafa ƙirji.

"Malam! Wa ya faɗa maka?"

"Faɗa mini me?"

"Babba Ummaru ya cika. Kuna fita ba da daɗewa ba."

Babba Ummaru mahaifin Bilya ne, wanda ɗan ya ɗauko daga Rimaye don ya riƙa samun magani. Nata'ala ya yi salati.

"An yi jana'izar?"

"Su wa za su yi?" Muryarta ta tashi, ta manta a gidan makoki take. "Duk unguwar nan ka nuna mini namiji guda! Mairama matar Bilya ita kaɗai ta riƙe surukinta har rai ya fita. Ni na taka har cikin gari da yaron nan a baya na kira Malam Ma'aruf. Mun aika wa Bilya ta hannun direba, ko saƙon ya isa, oho. Kullum haka muke, Malam. Ku tafi da duhu ku dawo da duhu. Ko gobara ce ta tashi, mu ne dai."



Malam Ma'aruf, tsohon malamin makarantar allo na cikin Kankia, ya fito daga zauren yana sharce ruwa daga hannuwansa. Shi ya yi wa mamacin wanka, shi da wasu tsofaffi biyu da ya taho da su, ɗaya ma da sanda yake tafiya.

"Alhamdu lillahi, ga namiji," in ji shi. "Ɗana, matasan gari duk suna gona, na aika ba wanda ya zo tukuna. Zafin nan ba zai bar mu mu jira magariba ba, ga hadari yana haɗowa ta gabas. Mun shirya shi. Kabari ne babu."

Nata'ala ya dubi gabas, ya dubi tsofaffin. Ya cire agogonsa ya miƙa wa Hafsatu tare da jakar.

"To kai lafiya ka dawo yanzu?" ta tambaya a hankali.

"Ina diga?"

An samo diga da shebur a gidan wani birkila. Maƙabartar tana bayan gidajen, fili ne da aka ware wanda kaburbura uku kacal ke cikinsa, duka na jarirai. Malam Ma'aruf ya auna da sandar abokinsa, ya zana masa a ƙasa, ya gyara fuskar alƙibla.

Nata'ala ya tuɓe takalma, ya naɗe farin wandon har gwiwa. Sara na farko ya ji shi har cikin haƙora, don ƙarƙashin danshin marmara ce. Ya ƙara ɗagawa ya kafta. Ya sake. Yana sara yana huci, ƙasa na tashi tana zubo masa a ka, tafin hannunsa da bai saba da komai ba sai tafireta ya fara ɗurar ruwa.

"Sannu-sannu, ɗana," in ji Malam Ma'aruf. "Ba faɗa kake da ita ba."

Bai sassauta ba. Sai da ramin ya kai masa ƙugu ya tsaya ya jingina da digar yana haki.

"Allah ne ya kawo ka yau," in ji tsohon. "Gobe in ka je, ka gode wa maigidanku da ya sallame ka da wuri. Ba kowane shugaba ke da wannan tausayin ba."

Nata'ala ya dube shi. Sannan ya tofa yawu a tafinsa da ya fashe, ya karɓi shebur ɗin.

"Zan faɗa masa, Malam," ya ce.