Keken Baba da Zaren Zinariya

Ni direban taksi ne, don haka kar a tambaye ni lissafi. Abin da na sani shi ne ƙanwata Hafsa ta shafe shekaru a jami'a tana bin wata magana guda. Ta ce in waya ta sirance har ta koma kaurin ƙwayar zarra ɗaya, kuran, wato wutar lantarkin da ke bin ta, ba ya raguwa a hankali kamar ruwan famfo, sai dai ya sauko mataki-mataki, kuma kowane mataki tsayinsa ɗaya da ɗan'uwansa. Wannan ta rubuta a littafinta na neman digirin dakta.

Don ta gani da idonta, ta lallashi Inna ta ba ta ɗan kunnenta na zinariya guda, maƙeri ya ja shi ya zama zare. Sai ta raba shi biyu, ta jingina su suna taɓa juna, ta haɗa su da batir da wata na'ura mai allo da ta aro. A shagon Babanmu, Malam Nassirou tela, can kasuwar Katako, take wannan aiki a gefen teburinsa, tun da nan ne ba mai korar ta. Duk sanda zaren biyu suka rabu, matakan su fito a allo ɓaro-ɓaro.

Ana gobe sutanans, wato ranar da za ta kare aikinta gaban malamai, ta kai kayan ɗakin jami'a ta gwada. Shiru. Ta ƙwanƙwasa teburin, layin da ke allon na'urar ya faɗo gaba ɗaya ba mataki ko guda. Ga shi an ce wani farfesa baƙo ya riga ya faɗa cewa hotunan matakan da ta ɗauka sun yi kyau da yawa, shi sai ya gani. In bai gani ba, aikin ya koma baya, kuma zargin ƙirƙira ya bi ta. Na ɗauko ta a mota tana kuka, ni ma raina ya ɓaci ƙwarai.

Muna isa shago ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kofin shayin Baba. Yana taka keken ɗinki, shayin na rawa a hankali. Sai ta ce teburin jami'a siminti ne, ba ya motsi, hannu kuma ya yi wa zaren ƙarfi. Ashe girgizar keken ce ke raba su sannu-sannu duk tsawon shekarun nan.

"Baba, gobe da kai za mu lakkwal, can jami'a," in ji ta.

Mutumin da bai taɓa zama a aji ba, sai da muka sha fama. Da ya yarda kuma ya kafa sharaɗi: shi ba ya taka keke ba ƙyalle a ƙarƙashin allura, wannan wasan yara ne.

Washegari na ɗaure keke da tebur a kan taksi, muka ƙetare gada mutane na kallonmu kamar masu ƙaura. Hafsa ta cika allon bango da lissafinta, ta rubuta tsayin da matakin zai yi, sannan ta juya ta ce, "Bismillah, Baba."

Ya gyara hula, ya soma takawa. Matakan suka fito, suka ɓace, suka sake fitowa. Baƙon ya taso, ya sa tabarau, ya auna da kansa, ya dubi lissafin da ke allon bango. Ya ce a sake, aka sake. Daga nan ya miƙe tsaye ya yi ta tafi, Inna ta saki guɗa ba ta jira izinin kowa ba.

Shi kuwa Baba bai ɗaga kai ba sai da ya kai ƙarshen kalmasa. Lokacin da malaman suka dawo daga shawara suka kira ta dakta, ya yanke zare da haƙori, ya kakkaɓe baƙar rigar digiri da ya gama ɗinkawa a gabansu, ya sa mata da hannunsa.