Ranar da Marigayi Ya Yi Magana

A harkar fim babu wanda ya damu da sunansa na gaskiya. Marigayi ake ce masa, shi ma har ya saba, in an kira sai ya waiwaya. Dalili kuwa, tun da ya shiga sana'ar bai taɓa fitowa da rai ba. Ya mutu a kan gado, ya mutu a bakin titi, ya mutu a bayan mota da ƙafa ɗaya a waje. Allah ya ba shi cikin da ba ya motsi in ya riƙe numfashi, da fatar idon da ko ƙuda ya sauka ba ta rawa. Daraktoci kan ce gawa mai ladabi irinsa sai an tona.

Yayarsa ce kawai ba ta ganin abin yabo.

"Ni fa na gaji da karɓar gaisuwar mutuwarka," in ji ta. "Jiya ma maƙwabciya ta shigo tana sharar hawaye. Ƙannen wasu suna fitowa a likita, wasu a ɗan sanda, ni nawa kullum a miƙe."

Abin ya ci masa rai. Sai ya shiga wata ƙungiyar barkwanci da ke haɗuwa a saman shagon tela, masu wasa ba rubutu, abin da ya zo baki shi ne labari. Shugabarsu, wata gajeriyar mata mai muryar maza, doka ɗaya ta kafa: duk abin da abokin wasa ya jefo maka, ka karɓa, sannan ka ƙara naka. Ba musu. Dokar ta shige shi har ƙashi. In aka ce masa kai ne kakata, nan take zai duƙa ya fara laluben haƙoransa a ƙasa.

Ana nan sai wani matashin darakta, mai haɗa fim da kyamarar aro, ya ba shi rawar mijin da ya dawo daga tafiya. Da rai. Har da magana: zai shigo da jaka, matar ta yi masa sannu da zuwa, shi kuma ya ce, "Wa ya bar ƙofar nan a buɗe?" Ya maimaita ta a banɗaki, ya maimaita ta a cikin bas har wani fasinja ya tashi ya duba ƙofar.

Wurin ɗauka ya gagara, sai ya lallaɓi Yaya ta ba da aron falonta. Ta yarda, da sharaɗin a gama kafin yara su taso daga makaranta, kada kuma kowa ya hau mata sabuwar kujera.

"Zan tsaya a bakin kicin in ji da kunnena," ta ce. "In yau ma shiru ne, gobe ka bi mijina gareji ka koyi kwance taya."

Ranar, rabin safiya ta tafi wajen rataye labule a taga da roƙon mai walda na maƙwabta ya ɗan huta. Makirufo a sandar tsintsiya aka ɗaure shi. Da aka shirya, mai kyamara ya leƙa ya ɓata fuska.

"Batir ya nuna ja. Ɗauka ɗaya ce ta rage mana, kowa ya kama kansa."

Wadda za ta fito a matarsa, Mai Hawaye ake ce mata. Kusan duk mutuwar da ya yi, ita ce ta yi kuka a kansa. Ta san sanƙonsa daga sama fiye da yadda ta san fuskarsa.

Darakta ya ɗaga hannu ya sauke. Marigayi ya turo ƙofa, jaka a kafaɗa, ƙirji a gaba, maganarsa a kan harshe. Mai Hawaye ta ɗago ta gan shi. Jiki da sabo, kafin ta yi tunani hannayenta sun hau ka.

"Wayyo ni! Ya tafi ya bar ni!"

An jefo masa, ba musu. Ya saki jaka, gwiwoyi suka lanƙwashe, ya zube a kan kafet, zubewa mai kyau irin wadda ba a koya a makaranta. Mai Hawaye ta faɗa kansa tana jijjiga shi. Darakta ya cusa hularsa a baki.

Yana kwance, ido a rufe, ya ji Yaya ta ja tsaki daga bakin kicin. Ya hango gareji, ya hango taya. Can sai ya tuna ai dokar ba ta ƙare a karɓa ba, saura ƙarin nasa. Bai buɗe ido ba, ciki bai motsa ba, ya ɗaga murya tar:

"Wa ya bar ƙofar nan a buɗe?"

Mai Hawaye ta yi ƙara ta gaske, ta yi tsalle ta haye sabuwar kujera da takalmi. A daidai nan kyamara ta mutu.

Sai darakta ya zare hular daga baki, idanunsa suna ƙyalli.

"Ka ɗauka?"

"Har tsallen," in ji mai kyamara.

"To labarin ya canja. Mijin fatalwa ne. Mai ƙorafi. Marigayi, za ka yi ta mita daga farko har ƙarshe, amma a kwance."

Marigayi ya buɗe ido ɗaya ya nemi Yaya. Tana dafe da bango, dariya ta hana ta numfashi, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Yaya, kin dai ji ko?"

"Na ji, ɗan nema, na ji. Garejin ya huta." Ta share ido da gefen zane. "Ke kuma sauko mini daga kujera. Kai ma tashi, yara sun kusa shigowa, kada su tarar da kawunsu ya sake mutuwa."